Takardar da Ta Kori Baba Haliru

Na karanta takardar da kuka kawo mini daga jami'a, wadda aka jera manufofin karatunku a ciki. Sau biyu na karanta ta, tunda an ce a ƙarshen wata shidan da za ku yi horo a injin nan sai na sa hannu cewa kun kama hanyar cika su. Manufa huɗu na gani. Wai 'yan shekaru bayan kun gama, za ku iya tsara aikin da ya haɗa mutane da injuna da kaya, za ku iya rage ɓarnar lokaci, za ku iya aiki da jama'a, kuma za ku ci gaba da neman sani har tsufa. Babu wadda na ƙi a ciki. Mu ma da irinta aka sallamo mu, sai dai tamu da tafireta aka buga ta.

Jiya kuma na ji ɗayanku yana gaya wa sauran, a bayan ɗakin buhuna inda yake zaton ba a ji, cewa casar shinkafa ba ta buƙatar wata shida. Ta shiga nan, ta fita can. In an ba shi mako guda zai zana mana yadda za mu ninka aiki. Ban ji haushi ba. Ni a nawa lokacin kwana shida na ɗiba, saboda haka ya fi ni haƙuri da kwana ɗaya. Ku zauna bisa buhunan nan in gaya muku abin da na yi da kwana shidan.

Ni mutumin Gwandu ne. Irin karatunku na yi, injiniyancin tsara masana'antu, a lokacin da babu wanda ya taɓa jin sunansa a unguwarmu. Da na dawo aka ji an ce injiniya, sai aka fara kawo mini rediyo da fanka da injin ban ruwa. Ina cewa ban iya ba, ana kallona. Wani kawuna ya zaunar da ni ya ce in bayyana masa abin da aka koya mini shekara biyar. Na bayyana iyakar iyawata. Ya ce wato wasu na aiki, ni ina tsaye ina kallo. Na ce kusan haka ne. Ya ce to Allah ya sa albarka, shi ma ya daɗe yana wannan sana'a a bakin kasuwa bai san ana karanta ta ba.

Kayan aikina huɗu ne, kuma har yau suna nan cikin durowa. Agogon auna lokaci irin na masu tseren gudu, wanda ake dannawa da babban yatsa. Allon katako mai maƙala takarda. Tef ɗin awo. Sai alli na ja layi a ƙasa. Ku yanzu duk wayarku na yi muku waɗannan, har da zane mai launi. Amma agogon nan yana da wani amfani da waya ba ta da shi. Da zarar ma'aikaci ya gan shi a hannunka, tafiyarsa ta canza. Wanda ke jan ƙafa sai ya fara sauri, wanda ke sauri sai ya fara tuntuɓe. Saboda haka kwanan farko ba ka rubuta komai, kana tsaye ne kawai har su gaji da tsoronka.

Aikina na farko a wani gidan bulo ne a bakin garin Gwandu. An tara yashi taku arba'in daga injin, duron ruwa kuma yana ɗaya gefen, bayan tarin bulon da ke shan iska. Na ƙirga takun mai baro, na ƙirga na mai ɗebo ruwa, na ja layi da alli na ce a riƙa juye yashi nan, a gangaro da duro nan. Shi ke nan abin da na yi. Cikin mako guda bulo ya ƙaru, ma'aikata na tashi kafin la'asar, mai gidan yana yawo da sunana a majalisa. Wannan nasarar ita ta cuce ni. Na fito daga can da imanin cewa duk aiki taku ne da minti. Ban lura ba cewa yashin Litinin da na Talata duk ɗaya ne.

Daga nan Alhaji Ummaru, mai injin nan, Allah ya jiƙansa, ya aiko mini in zo Kalgo. Lokacin babu wannan ginin. Rumfar kwano ce da injin casa guda, inji mai shan gas yana jan sa da bel, sai fili babba a gaba da bishiyar dogon yaro guda biyu. Mutum biyu ke riƙe da wurin. Yohana, mutumin Zuru, shi ke kula da inji, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi jin ciwon inji daga ƙararsa ba. Sai Baba Haliru, mutumin Dalijan, wanda ya shekara ashirin da wani abu a wurin. Shi ke zuba shinkafa, shi ke daidaita wuƙa, shi ke cewa buhun wa zai shiga. Wuƙar nan wani ƙarfe ne dogo a cikin injin, da noti biyu. In ka matse ta, ta fi goge ƙwaya. In ka sassauta, ƙwaya ta fita da sauran ɓawo. Duk sana'ar tana tsakanin notin nan biyu, amma a lokacin ni noti kawai na gani.

Masu kawo shinkafa yawanci tsofaffin mata ne daga Diggi da ƙauyukan da ke kewaye, masu sana'ar gumi. Su sayi shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, su jiƙa, su turara a cikin rabin duro, su shanya, sannan su kawo a cashe su kai kasuwa. Akwai 'yan kasuwa maza kaɗan, kuma su ne masu ƙorafi. Suna ce wa Alhaji babu layi a injinsa. Mutum ya zo da sassafe ya yi ta zama, wata ta zo da hantsi a wuce da nata. Ga wani sabon inji an buɗe a bakin titi. Alhaji ya ce in duba masa abin da ke cinye yini.

Da rani ne. Na tsaya kwana shida a gindin dogon yaro da agogo da allo. Takardata gida biyu na raba ta, aiki da rashin aiki, da ɗan gida ƙarami na salla da abinci. Ka'idar da na bi mai sauƙi ce. In shinkafa na bi ta cikin inji, aiki ne. In ba ta bi, rashin aiki ne. Yohana bai ba ni wahala ba. Baba Haliru ne ya cika mini gida na biyu. Da ya gama buhu biyu ko uku, sai ya bar injin yana juyawa ba komai, ya fita fili. Ya bi matan nan ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa kamar ranar suna. Ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya tambayi yaushe aka sauke duro. Yana magana yana tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu. Ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna. Ya ce wa wannan ta baje nata a tamfol, ya ce wa waccan ta ja nata inuwa, sannan ya nuna wani buhu can ƙarshe ya ce a kawo shi. Ni kuma ina danna agogo ina rubuta: gaisuwa, minti kaza. Yawo, minti kaza. Cin shinkafar mutane, minti kaza. Wannan na ƙarshen na soke shi daga baya, don ladabi.

Da na haɗa lissafi, kusan rabin yinin tsohon ya faɗa gidan rashin aiki. Na rubuta rahoto mai shafi goma sha ɗaya, da zane. Na ce a yanka kwali a sa lamba, wanda ya riga zuwa shi ke da farko. Na ce a ja layi da fenti daga ƙofa zuwa bakin inji. Na ce filin nan asara ne, a gina ɗakin buhuna a rabinsa, wanda shi ne ɗakin da ɗan'uwanku ya laɓe a bayansa jiya. A shafi na ƙarshe na ce in an bi wannan tsari, mutum ɗaya ya isa ya riƙe inji da wuƙa. Ban rubuta a sallami kowa ba. Na daɗe ina jingina da wannan. Amma Alhaji ya iya ɗebe ɗaya daga biyu, kuma ba za a sallami wanda ya iya gyaran inji ba.

An yi abin cikin mutunci, in ana kiran irin wannan mutunci. Alhaji ya kira Baba Haliru ya ce masa ya tsufa ya kamata ya huta, ya ba shi buhun shinkafa da babbar riga. Sai dai an riga an karanta rahoton a ofis da ƙofa buɗe, kuma kafin azahar kowa a filin ya san cewa agogo ya ce Baba Haliru ba ya aiki. Ya ɗauki butarsa da tabarmarsa. Da zai wuce ya miƙo mini hannu ya ce, "Injiniya, Allah shi ba da sa'a." Na amsa da amin, har na ce a gaida gida.

Makonnin farko tsarina ya yi kyau har ina tausayin masu injin bakin titi. Aka gina ɗakin, layi ya miƙe, 'yan kasuwa na murna, buhuna na fita. Dalili kuwa, rani ne, kowace shinkafa ta bushe daidai da 'yar'uwarta, ko jaki ka sa a bakin wuƙa zai cashe. Alhaji ya ɗauke ni aiki dindindin, ya sa mini tebur.

Sai ruwa ya sauka. Ranar da zan gaya muku Asabar ce, jajibirin wata kasuwa. Lamba ɗaya tana hannun Inna Tumba, wata tsohuwa daga Diggi da ta fi kowa sammako, buhu uku. An yi hadari kwana biyu a can, shinkafarta ba ta ga rana sosai ba. Lamba ɗaya ce, aka zuba. Ba a yi minti biyar ba ƙarar inji ta canza, rariyar da ke ƙarƙashin wuƙa ta toshe, abin da ke fitowa ya zama kamar ƙullu. Yohana ya kashe, ya kwance, ya kankare, ya matse wuƙa don ta iya cire ɓawon da ya manne. Aka sake zubawa, ta fito rabi ƙwaya rabi gari. Lamba biyu wani ɗan kasuwa ne da ya shanya tasa bisa kwalta da tsakar rana ya ɗuro ta buhu da zafinta. Ta tarar da wuƙa a matse, ta farfashe kamar tsaki. Aka sassauta. Lamba uku doguwar ƙwaya ce, lamba huɗu gajera. Kowane buhu sai an tsaya an kama sifana an juya noti. Kafin la'asar rariya ta yage, kuma ba mu kai lamba goma ba.

Inna Tumba ba ta tafi ba. Ta jira har na fito daga ofis, ta ɗebo shinkafar a tafin hannu ta miƙo mini kusa da hanci.

"Ɗana, kwana ukku niy yi bisa wagga shinkahwa. Na jiƙa, na turara da itacen da nis saye, na shanya. Diba abin da kab ba ni. Wa za ya saye wanga gobe?"

Na ce mata ai ita ce lamba ɗaya, ba a zalunce ta ba. Ta dube ni, ta dubi kwalin da ke hannunta. Ta ce shekara goma sha tana riga kowa zuwa, kuma da damina Haliru bai taɓa cashe mata kafin azahar ba. Yakan ce ta baje a fili ta sha iska tukuna, ita kuma ta samu ta yi gyangyaɗinta a inuwa. Ta tambaye ni ina za ta baje yanzu, tunda na gina ɗaki a wurin. Ta ajiye kwalin bisa tagar ofis a hankali, ta nemi wanda zai ɗora mata buhunanta.

Wannan ita ce shekarar da ba mu son tunawa. Matan Diggi suka koma bakin titi, na sauran ƙauyuka suka bi su. Can ma ba gwanaye ba ne, amma suna da fili. Yohana ya rame, yana kwance wuƙa sau ashirin a yini yana kuma gudun kada inji ya yi zafi. Ya gaya mini a fili cewa shi ƙarfe ya sani, shinkafa sai an dafa yake gane ta. Na sayo na'urar auna danshi daga Birnin Kebbi. Tana aiki, tana ba da lamba, sai dai saman buhu take aunawa in ba ka san inda za ka ɗebo ba, kuma ba ta gaya maka wanda ya haɗa busasshiya da ɗanya a buhu ɗaya don ya cika. Zuwa tsakiyar damina na cika manufata ta biyu cif: babu mai jira a injin Alhaji Ummaru ko minti ɗaya. Layin fentin yana nan fes, da ƙyar mutum uku su taka shi a yini.

Alhaji bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni na same shi na ce kuskuren daga takardata ne, shafi na ƙarshe musamman. Ya ce ya sani, shi ma da hannunsa a ciki tunda shi ya karanta. Ya ce in je Dalijan in dawo da tsohon, duk sharaɗin da ya gindaya an karɓa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma na ji sanyi kuma, don a zatona abin ya zo ƙarshe. Za a ba shi haƙuri, ya dawo, a goge fenti.

Na hau mashin ranar Juma'a bayan an sauko. A gida aka ce yana gona. Na same shi a cikin gero yana maimai, ya tuɓe riga ya rataya a kan bishiyar kalgo. Ya gan ni bai yi mamaki ba. Muka zauna bisa kunyar gero, ya tura mini goran ruwa. Ya tambayi Alhaji, ya tambayi Yohana, ya tambayi bel ɗin nan da ke zamewa ko an canza shi. Na faɗa masa duk abin da ya faru, ban rage ba. Bai yi dariya ba, bai kuma ce ai ya sani ba.

Sai ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa. Ya ce da safe ya fara da waɗanda suka kwana a buhu suka huce, masu bushewa daidai, ya jera su iri ɗaya bayan iri ɗaya, dogaye tare, gajeru tare, don ya taɓa noti sau uku ko huɗu kawai a yini. Mai danshi ta baje a rana sai bayan azahar. Wadda ta sha rana da yawa ta zauna a inuwa ta huce, in ba haka ba ta karye. Hannu har gwiwa, don ƙasan buhu ba ya ƙarya. In ƙwaya ta ce ƙas a haƙori ta rabu biyu, ta yi. In ta lanƙwashe, da saura. In ta watse, ta wuce. Tambayar yaushe aka sauke duro kuwa, in ka yi wa mace ita kai tsaye za ta ce tun shekaranjiya don kada a mayar da ita baya, amma in ka bi ta gaisuwa za ta gaya maka gaskiya har da wanda ya ara mata itace. Na gane abin da yake zanawa. Mun yi shi a aji, zango guda cur, da sunansa na Turanci da lissafinsa, yadda ake jera aiki don rage kwance inji. Na ci jarrabawarsa da kyau.

Da ya gama na faɗi saƙon Alhaji. Ya share zanen da tafin hannu.

"Injiniya, kwana nawa kay yi tsaye da agogon ga?"

Na ce shida.

"Kullum kana gaishe ni ina amsawa. Ko sau guda ba ka ce, Baba, mi kaka nema cikin buhun mutane ba. Da ka tambaya da na hwaɗa maka. Ba asiri ba na."

Na ce na yi kuskure, shi ya sa na zo. Na ce za a gyara, ni da bakina zan faɗa a gaban kowa. Ya ce ya yafe tun ranar, kada in ɗauki wannan in tafi da shi. Amma komawa, a'a. Ya ce labarin ya riga shi isowa Dalijan, jikokinsa sun ji a makaranta cewa kakansu ya shekara ashirin yana yawo ana ba shi abinci. Ya ce wurin da aka auna shi aka ce bai cika ba, ba zai koma ya tsaya a sake dubawa ba. Ya tashi ya ɗauki fartanya, ya raka ni har inda na jingine mashin, ya ce in gaya wa Yohana ya rage matse notin hagu, yana cin rariya.

Alhaji ya sake aika masa sau biyu, na biyun da kansa ya je. Baba Haliru bai ƙara taka filin nan ba har ya bar duniya. Aikin dai dole wani ya yi shi, Yohana kuma yana kan inji. Ranar Asabar da ta biyo bayan zuwana Dalijan na fito daga ofis, na durƙusa na gaida tsohuwar da ke lamba ɗaya, na naɗe hannun riga, na tura hannu cikin buhunta har gwiwa kamar yadda ya nuna mini. Na daɗe a haka, tana kallona. Ban ji komai ba sai shinkafa.